Yadda Amorsolo Ya Kama Hasken Gonar Shinkafa

Wanda ya tsaya gaban zanen dashen shinkafa na Fernando Amorsolo, hasken ne zai fara ɗaukar masa ido. Mata sun sunkuya cikin ruwa, kowace da malafa, rana tana bayansu. Gefen malafar da kafaɗunsu suna walƙiya, fuskokinsu kuwa suna cikin inuwa, amma ana ganin kowace. An haifi Amorsolo a Manila ta ƙasar Filifin a 1892, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a garin Daet, kuma rayuwar karkara ce ta cika yawancin aikinsa.

Sirrin yana cikin fentin. Garin launi ake kwaɓawa da man linsid, wanda ake tatsa daga irin wani tsiro. Fentin ruwa yana bushewa ne idan ruwan ya tafi. Na mai kuwa iska yake sha a hankali har ya daskare, don haka yakan yi kwanaki da danshinsa. Wannan jinkiri shi ne ribar mai zane. Yana da sararin haɗa launi biyu a kan ƙyallen, ya goge, ya sake, har a rasa inda haske ya ƙare, inuwa ta soma.

Akwai ƙa'ida. Shafen farko a tsinke ake yinsa, mai kaɗan a ciki, sannan kowane shafe na sama ya fi na ƙasa mai. In aka juya tsarin, saman zai riga ƙasan bushewa, bayan shekaru zanen ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Inuwar Amorsolo ta fi komai burge ni, domin ba baƙa ba ce. Ku duba ƙarƙashin malafar: akwai ɗan kore da ya taso daga shukar, akwai ja-ja na fata. Haka inuwa take a ƙasar zafi, inda ruwa da ganye ke mayar da haske sama. Ya je Madrid a 1919 ya nazarci manyan masu zanen Sifen, amma hasken da ya zana na gida ne.

An soke shi, kuma sukar tana da tushe. Manomansa tsaf-tsaf suke, ba gajiya a fuska, ba alamar bashin mai gona. A 1928 wani mai zane, Victorio Edades, ya nuna zanensa na magina, jikkuna a murɗe cikin launi mai duhu, aka shiga muhawarar shekaru kan abin da ya kamata zane ya nuna. Shi ma Amorsolo, da Japan ta mamaye Manila a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zana gobara da kango. Ya rasu a 1972, shekarar da ya zama mutum na farko da Filifin ta ba lambar Mai Fasaha na Ƙasa.