Tayar Mota a Bayan Babur: Dabara Ce Ko Ganganci?

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Wani mai sauraro ne ya turo min hoton wani ƙaton babur da tayar mota a bayansa, yana tambaya wai haɗin kwamfuta ne ko gaske. Gaske ne. A Amurka akwai mahaya da suka daɗe suna yin haka, har suna kiran abin Darkside, wato ɓangaren duhu.

To amma fa ba irin mashin ɗinmu ake yi wa ba. Ku ɗauki Honda Gold Wing, wanda aka fara ƙerawa a 1975. Samfurin GL1800 da ya fito a 2001 silinda shida gare shi, nauyinsa ya kai wajen kilo 400 tun kafin mutum ya hau. Tayar bayansa ta asali 180/60R16 ce, su kuma sai su cire ta su sa ta mota, galibi 195/55R16, tunda duk inci 16 ne. Mutane ne masu doguwar tafiya, jiha zuwa jiha a miƙaƙƙen titi, da fasinja da kaya. Tayar babur robarta da laushi, nan da nan tsakiyarta ke cinyewa, ga tsada. Ta mota kuwa ta fi arha, tana ɗaukar nauyi, kuma a faɗarsu tana yin ninki biyu ko fiye na tafiyar waccan. Wasu ma suna sa irin wadda ko ta yi faci za ta lallaɓa da kai zuwa gari. Gaskiya in ka ji hujjarsu, ba shirme suke ba.

Matsalar tana wurin kwana. Ku duba tayar babur da kyau, bayanta a kumbure yake kamar ƙwarya. Dalili shi ne babur kwanciya yake yi kafin ya juya, kuma duk yadda ya kwanta akwai robar da aka tanada ta riƙe kwalta. Mota ba ta kwanciya, shi ya sa tayarta take a baje kamar faranti. Ka sa ta a babur ka shiga kwana, sai ta ɗage ta hau gefenta. Masu yi suna cewa gefen yana lanƙwasawa, robar da ke ƙasa ta isa. E, yana lanƙwasawa, amma ba don wannan aikin aka ƙera shi ba. Su da kansu sun yarda cewa babur ɗin yana son miƙewa, sai ka danne kan sosai kafin ya tsaya a kwana, kuma a hankali-hankali in ya taka rami ko kan titi mai tudu, yakan ja ka gefe. Ga kuma ta gaba tana nan a kumburenta, wato gaba da baya kowa da yarensa.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba a gani da ido. Bakin taya, inda take zama a kan rim, yadda aka tsara na mota daban, na babur daban, ko da lambar inci ɗaya ce. Shi ya sa wani lokaci take ƙin zama, sai a yi ta dura mata iska. Kamfanonin taya suna gargaɗin kada a wuce 40 psi wajen zaunar da baki, domin wayar da ke ciki na iya tsinkewa tayar ta fashe a fuskar mai aikin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ji ƙarar fashewar taya ya san me nake nufi. Masu ƙera babura da masu ƙera taya ba su yarda da wannan haɗin ba, masu gareji da yawa a can ba sa sawa, kuma in hatsari ya faru, kamfanin inshora ya samu abin kafa hujja.

Akwai inda baje-bajen taya yake daidai: abin hawan da ba ya kwanciya. Babur mai akwatin fasinja a gefe, ko mai ƙafa uku. Ku leƙa tayar Keke Napep za ku ga ta fi ta mashin faɗin ƙasa, dalilin ke nan.

Shi mai tambayar ya ƙara da cewa ko zai iya gwadawa a Boxer ɗinsa. Ɗan'uwa, ba ma za ta shiga ba. Rim ɗin siriri ne, ga sarƙa a gefe, babu wuri, sai an yanke an yi walda, kuma ƙaramin injin zai sha wuyar jan ta. In damuwarka saurin cinyewar taya ce, duba iska duk sati da safe kafin ta yi zafi, rage lodin da ya wuce kima, kuma in za ka sayi sabuwa karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 na nufin sati na 23 a 2022.

Ni dai ba zan sa ba, ko da Gold Wing ɗin aka ba ni kyauta. Wanda ya taɓa hawa irinsa ya ajiye mana bayani a ƙasa, zan karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu.