Zanen Fentin Ruwa da Masu Yin Sa

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce fentin ruwa, yawanci yana nufin wanda ake shafa wa bango, kishiyar fentin mai. A wannan darasi kuwa, ana nufin launin da ake jiƙawa da ruwa a yi zane da shi a kan takarda. Za a duba yadda ake haɗa shi, da masu aiki da shi, da kuma matsayinsa a masana'antun Kano.

Kayan Haɗi da Yadda Ake Zanen

Abu uku ne ginshiƙin wannan fenti: garin launi da ƙaro da ruwa. Ƙaro, wanda ake samu a jikin itacen dakwara a Jigawa da Yobe da Borno, shi ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwan ya bushe. Launin ba ya rufe takarda gaba ɗaya, haskenta na ratso shi. Don haka mai zane yakan fara da launi mai haske kafin mai duhu, ya bar inda yake son fari ba tare da ya taɓa ba. Kuskure a nan yana da wuyar gyara.

Wannan haɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da gawayi da ƙaro da ruwa alaramma ke haɗa tawada, kuma da launukan da ake jiƙawa da ruwa ake yi wa allo zayyana idan ɗalibi zai yi saukar Alƙur'ani.

Fitattun Masu Zane

A Turai, Albrecht Dürer na Jamus ya zana wani zomo da ya shahara a 1502, sannan J. M. W. Turner (1775–1851) ya ɗaukaka fasahar a Ingila. A Nijeriya kuwa, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Cikinsu akwai Simon Okeke, wanda ya yi fice a fentin ruwa.

Fasahar a Masaƙun Kano

A rukunin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa an kafa masaƙu, wasunsu na buga atamfa. Kafin zuwan kwamfuta, a kan takarda ake fara zana adon atamfa, galibi da wani nau'in fentin ruwa mai kauri. Daga nan a ware kowane launi daban, a yi masa hatiminsa, sannan inji ya buga a jikin yadi. Ke nan, adon da mata ke zaɓa a Kantin Kwari daga buroshin mai zane ya faro. Tun daga shekarun 1990 masaƙu da dama suka rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin waje, sai aikin masu zanen ya ja baya tare da su.

Kammalawa

Malamin gobe ba shi da hujjar barin darasin zane don babu fentin kanti. Da ƙaro da shuni da karan dafi da gawayi, yara za su haɗa launinsu, su kuma koyi kalmomin sana'ar da harshensu.

Aikin Yi

1. Bayyana aikin ƙaro a fentin ruwa.
2. Kwatanta tawadar zayyana da fentin ruwa.