Ƙasar Sin: aikin da ba a tashi ya gajiyar da masu kula da ɗalibai

Mu ƴan kasuwa mun san Sin ta wajen kaya: atamfa, salula da babura da ake ɗaukowa daga Gwanzu da Yiwu. Amma akwai wasu ma'aikatan ƙasar da ya kamata mu san halin da suke ciki, tunda ƴaƴanmu da ke samun bursu su tafi karatu can, a hannun irinsu suke sauka.

Shinuwa na kiran su fudawuyuwan, wato masu kula da ɗalibai a iniversite. An soma wannan tsari a 1953 a iniversite ta Tsinghua da ke Bejin. A 2017 ofishin ministan ilimi ya fitar da doka mai lamba 43, wadda ta ce ga kowane ɗalibai 200 sai an ajiye aƙalla mai kula guda. Dokar ta jera musu ayyuka 9, ciki har da koyar da aƙidar jam'iyyar kwaminis, lura da karatu da zaman yau da kullum, kwantar da hankalin mai damuwa, tarar rikici in ya taso, da taimaka wa mai fita ya sami aiki. A wannan shekara kuma wata doka ta ce ɗalibai baƙi su ma a ba su nasu masu kula.

Ina matsalar take? Mai rumfa, komai cikar kasuwa, in magariba ta yi sai ta ɗaure kaya. Shi mai kula ba ya da magariba. Ana son salularsa a buɗe dare da rana, wasu ma a gidan kwanan ɗalibai suke kwana. Yaro ya yi ciwo tsakar dare, shi za a kira. An yi faɗa, shi ne. Ƴan damfara sun cinye kuɗin ɗalibi ta intanet, shi ne dai. Iyaye ma ba su barin shi, domin da yawa ɗa guda gare su, sakamakon dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015. Lokacin korona, daga 2020 zuwa ƙarshen 2022, an rufe makarantu da yawa, su ne ke bin lafiyar ɗalibai kullum. Ga kuma neman aiki: a 2024 ɗalibai kusan miliyan 12 suka gama, kuma ana tambayar mai kula nawa ne cikin nasa suka samu.

A 2019 hukumar lafiya ta duniya ta bayyana irin wannan gajiya da alamomi 3: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, sannan abin da yake yi ya daina kyau. Hukumar ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba, ta ce daga nauyin aiki take fitowa in an daɗe ba a sauƙaƙa ba.

Yaya suke yi? Wasu na motsa jiki, wasu na sauke damuwa wajen abokan aiki da iyali. Wasu kuwa, bayan ƴan shekaru, sai su nemi komawa ofis ko aji, a kawo sabon da bai san ɗaliban ba. Dokar 2017 ta ba su damar ƙarin girma ta hanya biyu, ta malanta ko ta mulki, don su zauna. Abin da ya fi taimako dai shi ne a rage kayan: a riƙa karɓa-karɓar gadin dare, mai ciwon damuwa a miƙa shi ga masana, a daina jibga musu takardun kowane ofis.

Haƙuri na da kyau, amma ba ya rage nauyin buhu. Wanda ke da yaro can, ya tuna mai kula da shi na da wasu ɗari bisa kansa, kuma Bejin na gaban Yamai da awa 7: ƙarfe 5 na marece a nan, can 12 ne na dare. Mu duba agogo kafin mu buga.