Bayan tiyatar marurun dubura: me ya sa likita ke barin mikin a buɗe, kuma yaya ake jinyarsa a gida?

Wanda aka yi wa tiyatar maruru a gefen dubura yakan tarar an bar masa rami a buɗe, ba ɗinki ko ɗaya. Da yawa sukan zaci likita bai gama aikinsa ba, sai su shiga neman abin da zai rufe wurin da wuri. A nan ne matsala take farawa, domin barin mikin a buɗe shi ne maganin.

Batun ya shafi mazauna ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar kogin Blue Nile a Sudan, irin su Maiwurno da ke kusa da Sinnar. Yawanci sai an je birni, Wad Madani ko Sinnar ko Damazin, ake samun mai yin aikin. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya daƙile asibitoci da dama, musamman lokacin da dakarun RSF suka riƙe Wad Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Saboda haka mafi yawan jinyar a gida ake yin ta, nesa da likita.

Yadda mikin ke warkewa

A cikin dubura akwai wasu ƙananan ƙofofi masu fitar da majina. Idan ɗaya ta toshe, ƙwayoyin cuta sukan taru, mugunya ta cika wurin. Wannan ba basir ba ne, don haka maganin basir ba ya yi masa komai. Likita yakan tsaga wurin ya fitar da mugunyar, sannan ya bar shi domin nama ya tsiro daga ƙasan ramin ya cike zuwa sama. Idan fata ta riga ta haɗe alhali ciki bai cike ba, mugunya za ta sake taruwa. Ƙaramin miki kan warke cikin mako 3 zuwa 4, mai zurfi kuwa yakan kai mako 8 ko fiye. Ɗan ruwa-ruwa da ɗigon jini a makonnin farko ba abin tsoro ba ne.

Ruwa mai tsabta

A zauna cikin bahon ruwa mai ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, da kuma bayan kowane bahaya. A tafasa ruwan tukuna, a bar shi ya huce har gwiwar hannu ta iya jure shi. Ruwan magudanan gonakin Jazira bai dace da buɗaɗɗen miki ba, haka ma wanka a cikinsu kafin a warke. Tsarki da buta ya fi goga da takarda ko tsumma. Bayan an wanke, a dafa wurin da ƙyalle mai tsabta har ya bushe, a ɗora auduga ko bandeji, a canza da zarar ya jiƙe.

Bagaruwa, wadda a Sudan ake kira garad, ta yi suna wajen maganin gargajiya. Amma barbaɗa garinta, ko toka, ko garin ƙwayar magani a cikin ramin na shigar da datti, yana kuma hana ganin halin da mikin ke ciki.

Game da cusa bandeji a cikin ramin kullum, wani bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya, mai suna PPAC2, wanda aka wallafa a 2022, ya gano cewa hakan na ƙara zafi, bai kuma rage dawowar ciwon ba. Wanda zuwa asibiti kullum ke yi wa wuya ya tambayi likitansa kafin a sallame shi ko rufe wurin daga waje ya wadatar.

Abinci da magani

Taurin bahaya shi ne babban abin da ke wahalar da majinyaci. Tsoron zafi kan sa mutum ya rage ci ko ya riƙe bahaya, abin ya ƙara tauri. A sha ruwa sosai, a ci wake, miyar kuɓewa, lalo, kuka da ganyayyaki. Parasitamol na rage zafi, amma tramadol da kodin suna busar da ciki. Ba kowa ne ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bayan an fitar da mugunya. An fi bai wa masu ciwon sukari, da masu raunin garkuwar jiki, da waɗanda kumburin ya bazu. Tafiya a hankali tana da amfani, amma a ɗaga wa hawan jaki, babur da ɗaukar kaya masu nauyi ƙafa har zafin ya lafa.

Lokacin da ba a jira

A koma asibiti a ranar idan aka ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita. Idan kumburi ya bazu zuwa al'aura, fata ta fara baƙi tana wari, to rai ne ke cikin haɗari, musamman ga mai ciwon sukari. Irin wannan cuta tana cin nama cikin sa'o'i.

Akwai kuma abin da ke zuwa a hankali. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa wannan tiyata kan samu wata siririyar hanya tsakanin cikin dubura da fata, wadda a Larabci ake kira nasur. Alamarta ita ce miki ya rufe ya sake fashewa, ko ya yi ta yoyo bayan wata biyu. Da wuya ta warke da kanta, sai an sake aiki. Kada a yarda wanzami ya taɓa ta, domin yanka ba bisa sani ba na iya lalata tsokar da ke riƙe bahaya.

Kunya ce ke sa mutane da yawa ɓoye wannan ciwo har ya yi nisa. Kafin barin asibiti, majinyaci ko ɗan rakiyarsa ya nemi a auna masa sukari, ya karɓi ranar dawowa, ya kuma san asibiti mafi kusa da ke aiki idan dare ya yi.