Kalmar «nègre» da Gardamar Tsabtace Harshe a Faransanci

A watan Agustan 2020 aka sake buga ɗaya daga cikin shahararrun ƙagaggun labaran Agatha Christie cikin Faransanci da sabon suna. Littafin da aka sani tun 1940 da sunan «Dix petits nègres» ya koma «Ils étaient dix», aka kuma cire kalmar «nègre» daga wurare 74 da ta fito a cikinsa. Tattaɓa-kunnen marubuciyar, James Prichard, wanda ke kula da gadon rubuce-rubucenta, shi ne ya yanke wannan shawara. Nan da nan gardama ta kaure a Faransa. Wasu suka ce an yi gyaran da ya kamata a yi tun tuni, wasu kuwa suka ce wannan shi ne «politiquement correct», wato ɗabi'ar tsabtace harshe don gudun ɓata wa wani rukuni rai, wadda suke gani an kwaso daga Amurka. Ɗalibin kimiyyar harshe a Yamai ko Damagaram yana da ruwa da tsaki a cikin maganar, domin kalmar tana cikin littattafan da ya karanta tun yana makarantar sakandare, kuma kakanninsa na cikin waɗanda aka kira da ita.

Hujjar farko da masu kare kalmar kan kawo ita ce ta asali. Gaskiya ne cewa Faransanci ya aro «nègre» a ƙarni na 16 daga «negro» ta Fotugisanci da Sifaniyanci, ita kuma ta samo tushe daga «niger» ta Latin, ma'ana baƙi. (Sunan kogin Neja ya yi kama da wannan kalma, amma masana da dama suna danganta shi da wata jimla ta harshen Tamajaƙ mai nufin kogin koguna.) Saboda haka, in ji su, babu zagi a ciki, launi kawai aka faɗa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi a ilimin ma'ana. Abin da kalma ke nufi yau yana zuwa ne daga yadda aka yi ta amfani da ita, tushenta kuwa labari ne na dā. Faransanci yana da «noir», ita ma daga «niger» ɗin ta fito, kuma tana cikin harshen tun kafin a aro «nègre». Uwarsu ɗaya, amma kowace da hanyar da ta bi.

Hanyar da «nègre» ta bi ita ce ta jiragen bayi. Ta bayyana a dokar «Code noir» ta 1685, wadda Sarki Louis na 14 ya kafa don tsara bauta a tsibiran Faransa na yankin Karibiyan. Daga jikinta aka ƙera «négrier», wato dillalin bayi ko jirgin da ke ɗaukar su, da «traite négrière», cinikin bayin kansa. Kafin ƙarni na 18 ya ƙare, a bakin masu gonakin rake kalmar ta kusa zama ɗaya da bawa. Akwai shaida mai ƙarfi cewa mutanen wancan zamani sun ji wannan nauyi: da masu adawa da cinikin bayi suka kafa ƙungiya a Paris a 1788, sai suka sa mata suna «Société des amis des Noirs». Ke nan zaɓen kalma don guje wa wulaƙanci ya girmi gardamar Amurka da kusan shekara ɗari biyu, kuma Faransawa ne da kansu suka yi shi. An haramta bauta a ƙasashen Faransa baki ɗaya a 1848, amma ɓurɓushinta ya zauna a cikin salon magana: «travailler comme un nègre» ga mai aikin wahala, «petit-nègre» ga gurɓataccen Faransanci, irin wanda sojojin mulkin mallaka suka riƙa yi wa ƴan Afirka ta Yamma da suka ɗauka aikin soja, sai kuma «nègre» kurum ga wanda ke rubuta littafi wani ya sa sunansa.

Da a nan labarin ya tsaya, da hukunci ya yi sauƙi. Sai dai a shekarun 1930 wasu ɗalibai baƙaƙe a Paris, Aimé Césaire na Martinik, Léopold Sédar Senghor na Senegal da Léon-Gontran Damas na Guyan, suka ɗauki kalmar da gangan suka ƙera «négritude» daga cikinta. Sun san zagi ce, kuma don haka ne ma suka zaɓe ta. Wannan shi ne abin da ilimin walwalar harshe ke kira karɓe kalma: wanda ake jifa da ita ya cafe ta, ya mai da ita sunan alfahari. A 1966 Senghor, yana shugaban ƙasa, ya shirya a Dakar bikin da aka kira «Festival mondial des arts nègres». A can Haiti kuwa abin ya wuce haka, domin a harshen Kiriyol na ƙasar «nèg» ta zama mutum kawai, kamar yadda Bahaushe zai ce «wani taliki». Marubuci Dany Laferrière, haifaffen Haiti kuma ɗan majalisar «Académie française», ya sa kalmar a sunan littafinsa na farko a 1985.

To, yaya kalma ɗaya za ta zama tambarin girma a bakin Césaire, ta kuma kai wani gaban alƙali? A watan Oktoban 2010 Jean-Paul Guerlain, na gidan turaren nan mai suna Guerlain, ya yi amfani da waccan karin magana ta aikin wahala a labaran tashar France 2, ya kuma ƙara da nuna shakkun ko baƙaƙe sun taɓa yin aiki tuƙuru haka. A 2012 kotu a Paris ta ci shi tarar Yuro 6000. Amsar tana cikin ilimin amfani da harshe: furuci aiki ne, kuma darajar aikin ta rataya a kan mai magana, da wanda ake yi wa, da tarihin da ke tsakaninsu. Ɗan Nijar bai buƙatar dogon bayani a nan. A wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014, Bafulatani zai ce wa Babarbare «bawana» a tsakiyar kasuwa a yi dariya. Baƙon da ba ya cikin wannan wasa ya faɗi kalmar nan ɗaya ga mutumin nan ɗaya, sai rigima.

Inda masu tsabtace harshe suka fi tuntuɓe shi ne wajen bambanta amfani da kalma da ambaton kalma. Wanda ya kira mutum da ita ya yi amfani da ita. Wanda ya ce an rubuta ta a dokar 1685 ambatonta ya yi. A kakar karatun 2020 Jami'ar Ottawa ta Kanada ta dakatar da wata malama na ɗan lokaci saboda ta furta takwarar kalmar ta Ingilishi a cikin aji, alhali darasin nata a kan karɓe kalmomin zagi ne. A 2022 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasar ta umarci Radio-Canada da ta nemi afuwa domin an faɗi sunan wani littafin Pierre Vallières na 1968 mai ɗauke da kalmar. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke wannan hukunci. Ɗaliban da suka koka suna da hujja: kunne ba ya jin alamar zance, kuma jin sautin kaɗai yana iya sosa tabo. Wannan dalili ne da zai sa malami ya yi gargaɗi, ya kuma taƙaita. Amma in aka haramta ambato gaba ɗaya, ba a iya koyar da Césaire, ba a kuma iya rubuta maƙala irin wannan.

Saura tambayar ko sauya kalma yana sauya wani abu. Masanin harshe Steven Pinker ya yi bayanin cewa sakayayyar kalma takan ɗauki dattin wadda ta maye, har ita ma a nemi wata, muddin rainin da ke ƙasa bai gushe ba. Faransanci ya nuna haka sarai. Bayan an guji «nègre», sai wasu suka soma jin nauyin «Noir» ita ma, suka koma «personne de couleur», ko kuma suka ari «black» daga Ingilishi, kamar dai baƙar fata abin kunya ce da sai an lulluɓe ta da harshen waje. Marubuta baƙaƙe da yawa a Faransa yau sun fi son a ce «Noir» kai tsaye. Duk da haka akwai sauyin da ya yi amfani ba tare da an yi asarar komai ba. A 2017 ma'aikatar al'adu ta Faransa ta ba da shawarar a riƙa cewa «prête-plume», wato mai ba da aron alƙalami, a maimakon «nègre littéraire», kuma sabuwar kalmar ta fi tsohuwar bayyana aikin. Sunan littafin Christie ma haka yake: tun 1940 masu bugawa a Amurka suka fitar da shi da wani suna dabam, tana raye, kuma babu abin da ya ragu daga labarin. A watan Fabrairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta Bordeaux ta umarci birnin Biarritz da ya janye sunan «La Négresse» daga wata unguwarsa, sunan da a lokacin kowa ke gani a allunan hanya ko yana so ko ba ya so.