Lissafin iska: Abin da ke sa motar injekta shan mai a hunturu

Da ƙurar hunturu ta sauka a Daura, ƙorafin masu mota a gareji kusan iri ɗaya ne: mota tana shaƙewa in an taka totur, tana rawa a sulo, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ƙorafi ya zama maganar aljihu.

A zamanin Fijo 504, bakanike da sukundireba yake daidaita kafireta, kunnensa ne ma'auni. Motar injekta kuwa kwamfutarta ce ke yanke yawan man da nozul zai fesa, kuma sai ta san nauyin iskar da ta shiga. Ƙa'idar ita ce giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur.

Ɗauki inji mai lita 2 da ke juyawa sau 3,000 a minti. Sai ya juya sau biyu kowace silinda ke zuƙar iska sau ɗaya, don haka a takarda lita 3,000 yake ja in totur na buɗe gaba ɗaya. Kowace lita tana da nauyin kusan giram 1.2, wato kilo 3.6 ke nan, wanda ke buƙatar fetur kusan giram 245, sulusin lita. A zahiri silinda ba ta cika fal, kuma iskar bazara mai zafin digiri 40 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin ɗari.

Wasu motocin suna lissafin ne daga matsin iska da zafinta da saurin inji. Wasu kuma suna da sansar MAF a bayan iyakilina: wata siririyar waya ce mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta tana auna wutar da ake ƙara mata. Nan ƙura ke yin ɓarna. In ta manne a wayar, sansar takan faɗi ƙasa da iskar da ta shiga, mai ya yi kaɗan, mota ta shaƙe. Haka in robar da ke bayanta ta tsage.

Abin takaici, wasu cire soket ɗin kawai suke yi. Motar za ta tashi, amma da ƙiyasi take tafiya, sau da yawa tana zuba mai fiye da kima. A garin da ke da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha, bai kamata na'urar da ke karanta giram nawa na iska ke shiga a daƙiƙa ta zama baƙuwa a gareji ba. Kafin ka yarda a sauya maka nozul, ka ce a duba iyakilina da wannan sansar tukuna.