Kifin da ya fi ƙarfin tankinsa

Makon jiya na tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram domin gaishe da ƙanwar mahaifiyata. Ban gama zama a kan tabarma ba ɗanta ya ja hannuna zuwa bayan ɗaki, yana cewa, "Yaya, zo ka ga Basamude." A cikin wani tankin roba mai cin lita 1,000 da aka yanke samansa, na ga kifi guda ɗaya tal, baƙi wuluk, tsawonsa ya zarce hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu. Idan zai juya sai ya lanƙwashe jikinsa. Gashin bakinsa ya guntule, hancinsa kuma duk ƙujewa ce saboda gogar bango.

Shekara uku ke nan da yaron ya sayo 'ya'yan kifi ya fara kiwo, bayan ya gama difloma aiki bai samu ba. Ya sayar da sauran a kan kari, amma ya bar wannan saboda ya fi kowa girma, yaran unguwa kuma na zuwa kallo. Na san aƙalla gida biyu a Birnin Kudu da aka yi irin wannan ajiya, ɗaya ma a akwatin gilashi a falo.

Basamude ba tarwadar da muka sani ba ce. Barbarar yanyawa ne tsakanin tarwada da ramboshi, wanda masu kiwo ke kira haibirid. Mai ido zai gane shi ta bayansa: tarwada na da doguwar ƙaya ɗaya daga ƙeya har kusan wutsiya, ramboshi na da biyu, ta bayan tsoka ce zalla, shi kuwa ɗan haɗin yakan fito da 'yar guntuwar tsokar nan kusa da wutsiya. A ɗakin ƙyanƙyasa ake samar da shi. Ana yi wa macen tarwada allura, a matse ƙwanta, a haɗa da maniyyin namijin ramboshi, wanda galibi sai an farke cikinsa ake samu. Tun a 1985 masana a Afirka ta Kudu suka ba da rahoton wannan haɗi, kuma dalilinsa ɗaya ne: a samu kifi mai jurewar tarwada da saurin girman ramboshi, wanda zai isa kasuwa cikin 'yan watanni. Babu wanda ya tsara shi domin ya tsufa a tsakar gida. Wani nau'in ramboshi a kogi yakan kai mita ɗaya da rabi, nauyinsa ya haura kilo 50, kuma wannan jinin ne ke gudana a jikin abin da ke cikin tankin.

Abin da ke ruɗar mai kiwo shi ne kifin ba ya saurin mutuwa. Yana da wata gaɓa a saman matatar numfashinsa da ke ba shi damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa ake ganinsa yana leƙowa saman ruwa. Ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya, shi sai ya yi kwanaki a ciki. Mai shi ya ga yana motsi, ya ɗauka lafiya lau ce, alhali kashinsa da ragowar abinci sun riga sun gurɓata ruwan, fatarsa na cin wuta. Ba ya kuma zama da kowa: duk kifin da aka saka masa, muddin zai shiga bakinsa, ba zai kwana ba.

Inna ba ta damu da wannan bayani ba. Lissafinta daban ne. "Kai dai ka yi masa magana," in ji ta. "Ruwan da kifin nan ke ci ya fi na mutanen gidan nan, kuma sau biyu maƙwabta na kai ƙara wurin mai unguwa saboda ƙarnin da ke bin lungu." Ga kuɗin abinci, wanda ya yi tashin da ya kori manyan masu kiwo ma daga sana'ar, balle mai ciyar da kifi ɗaya da ba ya niyyar sayarwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar da yaron ya yanke: idan damina ta kankama zai kai Basamude kogi ya sake shi, a ganinsa jinƙai ne. Na fahimci zuciyarsa, amma ban yarda ba. Ana yawan cewa ɗan haɗi ba ya haihuwa, sai dai bincike ya nuna ba dukansu ne juya ba. Ko da bai hayayyafa ba, baki ne babba da aka jefa cikin ƙananan kifayen da masuntanmu ke dogaro da su, yana kuma iya ɗauke da cutar da ya kwaso a tanki. Ruwan kudancin Jigawa ba a nan yake tsayawa ba, yana gangarawa ya haɗu da kogunan da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ruwa ba ya tambayar iyakar gona ko ta kududdufi. Indiya ta haramta kiwon tarwadar Afirka ne bayan ta ga yadda take lanƙwame kifayen gida. A Turai da Amurka ma masu ajiye kifin ado sun sha sayen 'ya'yan manyan kifayen Kudancin Amurka kamar ɗan yatsa, bayan shekara biyu su rasa inda za su kai su.

Na ce masa hanya biyu ce: ko ya nemi mai babban tafkin kiwo da ruwa ba ya ƙetarawa, ko ya kira mai banda. Ya yi shiru yana kallon kifin, sannan ya ce a bari sai Babbar Sallah. Inna, daga bakin murhu, ta fara ƙidaya jarkokin da za a saya kafin lokacin.